Ilmin da Ake Ɗauka a Durƙushe

Idan damina ta kankama, ruwa ya jera kwana uku yana sauka, za ka tarar da wani gungume kwance a gefen hanyar fadama wanda kowa ya raina. Mai neman itace ya zungure shi da ƙafa, ya ji ya yi laushi, ya ce wannan ba wuta sai hayaƙi, ya yi gaba. Mai zaman kashe wando ya ɗare kansa yana latsa waya tun hantsi har azahar, ya tashi ya kakkaɓe riga, bai san a kan wa ya zauna ba. Can sai ga wani mutum da 'yar jaka a kafaɗa. Da ganin gungumen sai ya ajiye jakar, ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa. Awa biyu za ta shuɗe bai yi taku goma daga wurin ba. In ka tambaye shi abin da ya ɓace masa, zai ce maka sunaye yake nema: sunan masu cin gungumen daga ciki, da sunan masu kiwo a bayansa.

Waɗanda yake nema gida biyu ne, ko da yake ido yakan haɗa su. Gida na farko dangin naman kaza ne, wato su lemar kwaɗi da fumfunar da ke kama burodi. Ainihin jikinsu zare ne wanda ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Yana ratsa cikin itace kamar yanar gizo, yana zuba wani ruwa mai narkar da itacen, sa'an nan ya tsotse. Abin da muke gani ya ɓullo a waje, mai siffar lema ko faifai ko kunne, 'ya'ya ne kawai, kuma aikinsu watsa iri, wani gari mai laushi da iska ke kwashewa.

Gida na biyu za mu kira shi fumfunar yauƙi, amma sunan aro ne, don ba ta haɗa jini da fumfuna ba. Ba ta da zare cikin itace, ba ta ma cin itacen. Rarrafe take yi a kansa tana haɗiye bakteriya da sauran ƙananan halittu, kamar tunkiya a makiyaya. An daɗe ana jera ta cikin dangin naman kaza, sai a 1859 wani Bajamushe mai suna Anton de Bary, da ya bi rayuwarta tun daga iri har girma, ya raɗa mata suna Mycetozoa, wato dabba mai kamar naman kaza. Yau an san danginta na kusa su ne amiba, halittun nan masu ƙwaya ɗaya da ke rarrafe cikin ruwa da laka. Ire-irenta da aka ba suna sun kai wajen 1,000, kuma yawancinsu tsayinsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Abin da ke cikin jaka

Buɗe jakar mutumin nan ka gani, babu kayan alfarma a ciki. Wuƙa mai naɗewa, ƙaramin zarto, tocila, hantsaki da allura. Kwalayen ashana da aka juye, da kwalbar gam. Tsofaffin jaridu na naɗi, ban da leda, don leda tana sa naman kaza gumi, kafin a kai gida ya narke. Ɗan littafi da fensir, domin rubutun biro yakan zube in ruwa ya taɓa shi. Sai sarkin kayan, wanda ke rataye a wuyansa kamar laya: madubin hannu mai ƙara girman abu sau 10.

Ko riƙon madubin nan sai an koya. Sabon shiga yakan miƙa hannu da shi can nesa, ya yi ta leƙe yana cewa ba ya ganin komai. Gwani kuwa a ido yake manna shi, har babban yatsansa ya dafa kunci, sa'an nan ya matso da abin dubawar sannu a hankali har ya fito tar, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. In abin a jikin gungume yake, to kai ne zai sauka, gungume ba ya tasowa. Tocila kuma daga gefe ake haska ta, domin hasken gefe shi ke ba ƙaramin abu inuwa, inuwar kuwa ita ke tona shi.

Juyin gungume ma da ƙa'idarsa. Gefen da ke nesa ake kamawa a janyo, yadda gungumen zai zama garkuwa tsakanin mutum da abin da ke ƙarƙashi. In da kunama ko maciji, sai ya sulale ta can. In an gama dubawa a mayar da shi yadda aka same shi. Wanda ya bar gungume a birkice rana ta gasa cikinsa, ya rushe unguwa guda don leƙen ɗaki ɗaya.

A fara da tambayar itacen

Kafin ya taɓa 'ya'yan, gwani yakan fara da gungumen kansa. Wace bishiya ce? Da yawa daga cikin masu cin itace suna da zaɓe, ba kowane itace suke hawa ba, saboda haka sunan bishiya shi ne layin farko a littafinsa. Ɓawo yana nan ko ya zube? Ya soka wuƙa ya ji iyakar inda laushi ya kai. Sai ya ɓantaro kaɗan ya murza.

Manyan abubuwa biyu suka haɗa itace. Akwai fararen zaruruwa da ake kira selulos, irin abin da ke cikin auduga da takarda, akwai kuma wani danƙo mai ruwan ƙasa da ake kira lignin, wanda ya ɗaure zaruruwan ya ba itace taurinsa, kamar laka da ciyawa a ginin ƙasa. Wasu masu cin itace sukan cinye selulos su bar lignin. Gungumen da suka ci yakan yi duhu, ya tsattsage gida-gida kamar ƙasar fadama da rani, in aka murza ya zama gari. Wasu kuwa har lignin ɗin suke narkarwa, sai itacen ya yi fari, ya riƙa yagewa zare-zare kamar naman da ya dahu lugub. Da murza ɗaya ɗin nan gwani ya raba waɗanda yake zargi kashi biyu, ya sallami kashi ɗaya.

In ya yanka ya ga baƙaƙen layuka sun karkace cikin itacen kamar an ja su da alƙalami da tawada, sau da yawa iyakar gona ce: masu ci biyu sun haɗu, kowa ya kafa shinge. A dazuzzukan Turai da Amurka akan tsinci itace ya rine kore mai shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Aikin Chlorociboria ke nan, wanda ƙananan 'ya'yansa ba kasafai ake ganinsu ba, amma launin ya isa shaida, har a da masassaƙan garin Tunbridge Wells a Ingila sun daɗe suna neman irin wannan itace don ƙawata akwatuna. In kuma ya ɗaga ɓawo ya ga baƙaƙen igiyoyi kamar igiyar takalmi, ya san Armillaria ya bi ta nan, wanda guda ɗaya tak daga danginsa ya mamaye wajen murabba'in kilomita 9 a dajin Malheur na jihar Oregon.

Fuska tana ƙasa

A kan 'ya'yan ne malalaci da mai himma suke raba hanya. Malalaci daga tsaye zai ɗauki hoton saman abin, ya aika wa wani ya ce a faɗa masa suna. Saman naman kaza kuwa riga ce: rana tana koɗar da ita, ruwa yana wanke ta, tsufa yana sauya ta. Fuskar tana ƙasa. Don haka gwani yakan yanko ɗaya tare da ɗan itacen da ya kama, ya kifa shi, ya kawo madubi. Zai ga ɗayan abu huɗu: haƙarƙari jere kamar na lema, ko ƙananan huji kamar rariya, ko haƙora masu reto, ko fili sumul.

Ɗauki Trametes versicolor da Stereum. Dukansu siraran faya-fayai ne masu zobba launi-launi, kamar faifan da aka saƙa da rinannen kaba, jere bisa juna a jikin gungume. Daga sama sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya. A kifa su. Ƙarƙashin Trametes fari ne, cike da huji, uku zuwa takwas a cikin milimita ɗaya, kuma gwani sai ya ɗora rula ya ƙirga. Ƙarƙashin Stereum babu huji ko ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Akwai wani ƙarami mai launin toka, mai gashi-gashi, siffar mafici, da bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Sunansa Schizophyllum commune, ana samunsa a kowace nahiya ban da Antaktika, kuma wanda ya duba gungumen mangwaro ko dirkar shinge da damina yana iya cin karo da shi a nan gida. A madubi za ka ga kowane haƙarƙarinsa a tsage yake biyu. In iska ta bushe sai tsagin ya nannaɗe ya rufe wurin iri, in ruwa ya sauka ya buɗe ya ci gaba da aiki. Haka yake ƙetare rani. Sau da yawa a ƙasashe masu zafi za ka ga maƙwabcinsa Pycnoporus sanguineus, ja zur kamar manja, a kan itacen da rana ke duka.

Bayan ido sai hannu da hanci da wuƙa. Yana lanƙwasuwa kamar fata, ko yana karyewa kamar alli? Yana da wari ko ƙamshi? In an yanka, launi yana sauyawa? Ganoderma applanatum faifai ne mai taurin katako, ƙarƙashinsa fari fat, in ka karce da tsinke sai layi mai ruwan ƙasa ya fito ya zauna, har masu zane suna zane a kansa. Daldinia concentrica kamar curin gawayi yake a manne da itace, amma in aka tsaga shi biyu sai ka ga zobba cikin zobba kamar albasa, busasshensa kuma yana kama tartsatsi ya yi ta ci a hankali. Wannan sani ba yau aka fara shi ba. Mutumin nan da aka samu cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu wajen shekara 5,300 da suka wuce, an same shi ɗauke da naman kaza na itace iri biyu, ɗaya na kunna wuta. Ya san wanda zai tsinka da wanda zai bari.

Da dare a gida ake ɗaukar tambarin iri. A yanke hular, a kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi don kada iska ta shiga, a je a kwanta. Da safe in an ɗaga, iri ya zubo ya zana hoton haƙarƙarin layi-layi. Fari ne, ko ruwan hoda, ko launin tsatsa, ko baƙi? Wannan tambaya takan raba rai da mutuwa. Armillaria, wanda Turawa da dama ke dafawa su ci, tambarinsa fari ne. Galerina marginata, ƙarami mai ruwan ƙasa da kan fito a kan itace irin wanda Armillaria ke hawa, tambarinsa launin tsatsa ne, kuma dafinsa hanta yake ci. Girki ba ya kashe dafin, ciwon kuma ba ya tashi sai bayan awa shida ko fiye, lokacin da ɓarna ta riga ta fara. Ganin ƙwari suna cin naman kaza ba hujja ba ce cewa mutum zai ci ya kwana lafiya. Shi ya sa za ka ga wanda ya fi kowa sani ya fi kowa jinkirin kai hannu baka.

Akwai kuma 'yan kwalabe na gwaji. Ɗaya ruwan fotash ne mai kaifi, ɗan uwan ruwan toka amma ya fi shi zafi. In aka ɗiga shi a kan Hapalopilus, wani faifai mai launin kirfa da ba shi da wata alama ta a zo a gani, nan take sai wurin ya koma shunayya. Ɗigo ɗaya ya kashe gardamar awa guda.

Mai tafiya da dare

Duk wannan wahala wasa ce in aka gwada ta da ta fumfunar yauƙi. Naman kaza yana nan inda ka bar shi, mako ko wata ko shekara. Ita kuwa tafiya take yi, kuma takan sauya kama cikin dare ɗaya.

Daga ƙwayar iri take farawa. Iri ya sami danshi ya fashe, 'yar amiba ta fito, in ruwa ya yi yawa ta fid da wutsiya ta yi iyo. Biyu su haɗu su zama ɗaya. Daga nan cibiyar ƙwayar ta yi ta rabuwa, biyu, huɗu, takwas, har miliyoyi, amma ƙwayar kanta ba ta rabuwa. Sai ta zama wani shimfiɗaɗɗen yauƙi, rawaya ko fari ko ja, mai jijiyoyi kamar bayan ganye. Masana suna kiransa plasmodiyum, suna ɗaya da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, amma sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ƙwaya ɗaya ce tak, ga shi tana iya kai faɗin tafin hannu ko na faranti. A ƙarƙashin madubin likita za ka ga ruwan cikin jijiyar yana kwarara gaba, ya tsaya cak, ya juyo baya, kusan kowane minti guda, kamar numfashi. Da haka take jan jiki, daga 'yan milimita zuwa 'yan santimita a awa. Ba ta da ƙwaƙwalwa, amma a shekarar 2000 Toshiyuki Nakagaki da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa Physarum polycephalum tana gano hanya mafi kusa tsakanin abinci biyu a cikin ruɗaɗɗun lunguna. A 2010 aka jera mata ƙwayoyin hatsi bisa taswirar garuruwan da ke kewaye da Tokyo, ta haɗa su da jijiyoyi masu kama da layukan dogon yankin.

To, a nan haƙuri ke shigowa, domin daga yauƙin nan ba a sanin suna. Rawayan yauƙi yana iya zama na iri barkatai. Dole a jira ta haihu. In abinci ya ƙare ko wuri ya fara bushewa, sai ta hauro inda iska ke kaɗawa, ta tattaru ɗigo-ɗigo. Dubi Stemonitis. Da magariba fararen ƙwallaye ne cunkushe kamar ƙwan kifi. Tsakar dare sun miƙe bisa baƙaƙen sanduna masu sirantar gashi, sun fara ruwan hoda. Da safe sun yi ja mai duhu. Kafin wata magaribar sun bushe, sun zama launin koko, tsaye cirko-cirko kamar 'yar tsintsiya. Wanda ya yi gaggawa ya taɓa ta da yatsa tana ɗanya, ko ya bari ta bushe kafin lokaci, ya ɓata ta: za ta daskare ta zama ƙullutu marar iri, ba suna ba labari. Gwani sai ya kafa tsinke a wurin, ya rubuta launin yauƙin da lokaci, ya dawo gobe. In hanya da nisa, ya yanko itacen da faɗi, ya kwantar a akwati da jiƙaƙƙiyar takarda, ya riƙo shi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wadda ta nuna, allura ke faɗar gaskiyarta: a taɓa, sai gari ya tashi. Lycogala epidendrum ƙwallaye ne masu ruwan hoda, girman wake, waɗanda baƙo zai ɗauka naman kaza ne. In an soka ɗanye sai wani abu mai kauri ya fito kamar man goge baki. In ya nuna ya koma toka-toka, ya huje ta sama, yana fesa iri duk lokacin da ɗigon ruwa ya faɗa masa.

Siffar haihuwar iri huɗu ce. Akwai ɗaiɗaikun 'ya'ya kamar kan fil, wasu da sanda wasu a zaune. Akwai wadda jijiyarta ke daskarewa a yadda take, kamar Hemitrichia serpula, rawaya mai sarƙaƙiya sai ka ce dublan. Akwai mai dunƙulewa curi guda, kamar Fuligo septica da Turawa ke kira aman kare, wadda a 1973 ta firgita mutane a gefen birnin Dallas har wasu suka ce daga wata duniya ta faɗo. Akwai kuma masu tsayuwa kafaɗa da kafaɗa kamar saƙar zuma, irin su Tubifera.

Nan kwalin ashana yake nuna amfaninsa. A shaftaro siririn itace da 'ya'yan ke kai, a ɗiga gam a gindin kwalin, a zaunar da shi da hantsaki yadda ba abin da zai goge su. A rubuta wuri da rana da sunan itace. A bar shi ya bushe a inuwa, sa'an nan ya kwana biyu ko uku a firiza, domin akwai ƙananan ƙwari masu cin iri da ke shigowa tare da shi. Abin da aka adana haka yakan haura shekara ɗari ana duba shi.

Sauran aikin a tebur yake, ƙarƙashin madubin likita. A ɗauko ɗa guda da bakin allura, a hura don yawancin irin ya tashi, a ɗora a gilashi. Ɗigon sifirit ya kori kumfar iska, ɗigon ruwa ya biyo, a rufe da wani gilashin mai sirantar ɓawon albasa. Sai tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Irin in ya taru duhu ne ko haske? Akwai alli a jiki? A Physarum allin ƙulli-ƙulli yake a mahaɗar zaren ciki, a Didymium kuwa kamar taurari yake a barbaɗe bisa fatar waje. Shi zaren cikin, wanda ke riƙe iri ya sake shi kaɗan-kaɗan, yaya yake? Na Arcyria raga ce mai miƙewa kamar soso daga cikin ɗan ƙoƙo. Na Trichia ɗaiɗai ne, kowanne da murɗi kamar tufkar igiya, har sai an ƙirga murɗin: Trichia varia biyu gare ta, 'yan uwanta sukan fi haka. In ka hura musu numfashi suna bushe, za ka ga suna murɗawa kamar masu rai, da haka suke watsa iri. A ƙarshe a ƙara girman sau 1,000 da ɗigon mai, a auna ƙwayar irin kanta, wadda yawanci take tsakanin maikuromita 5 da 15, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fatarta ƙuraje gare ta, ko ƙaya, ko zanen raga? Gwani ba ya yarda da awon ƙwaya ɗaya, sai ya auna ashirin. In duk da haka bai kai ga suna ba, sai ya rubuta sunan dangi kawai ya sa alamar tambaya. Ya san ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Waɗanda suka share hanya

A Ingila an yi Arthur Lister, ƙanin Joseph Lister likitan da ya koya wa duniya tsabtar fiɗa. A 1894 ya fitar da babban littafi a kan waɗannan halittu, 'yarsa Gulielma kuwa ita ce abokiyar aikinsa a dajin Epping, tana tsinta, tana dubawa, tana zana su da fenti. Bayan rasuwarsa ita ta gyara littafin ta sake fitar da shi a 1911 da 1925, kuma sau biyu tana shugabantar ƙungiyar masana naman kaza ta Birtaniya, a 1912 da 1932. Daga ƙasashe da yawa ake aiko mata da 'yan kwalaye ana neman suna.

Cikin masu aikowa har da Minakata Kumagusu na garin Tanabe a Japan. A jikin wata bishiya da ke cikin gidansa, 'yar uwar kanya, ya tsinci wani iri da ba wanda ya taɓa bayyanawa, Gulielma ta raɗa masa suna Minakatella a 1921 don girmama shi. A 1929 aka gayyace shi ya yi wa Sarki Hirohito bayani a cikin jirgin ruwan yaƙi. Kyautar da ya miƙa fumfunar yauƙi ce har kashi 110, a cikin kwalayen alewa. Mutumin da ya saba durƙusa wa gungume bai ga dalilin neman akwatin alfarma ba.

A ƙasarmu gungume ba ya daɗewa a kwance, ko murhu ya ci ko gara ta cinye, damina kuma gajeriya ce. Amma tun 1933 masana biyu a Amurka, Gilbert da Martin, suka bayyana wata dabara da ba ta bukatar kurmi. A ɓalle ɗan ɓawon bishiya mai rai, a shimfiɗa takarda mai shan ruwa a cikin ƙaramin faranti mai murfi, a kwantar da ɓawon bayansa na kallon sama, a zuba ruwa ya sha kansa ya kwana. Da safe a tsiyaye, a rufe, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka. Daga nan sai leƙe da madubi, yau da gobe, har mako huɗu ko shida. Da wannan hanya aka gano fumfunar yauƙi har a cikin hamada, inda irinta ke kwance yana jiran ruwa.

Ke nan tsamiyar nan ta ƙofar gida, wadda majalisa ke wuni a gindinta ana shan shayi ana ƙirga motoci, ba mamaki tana ɗauke da nata baƙin a tsagin ɓawo. Minakata ma a bishiyar gidansa ya samo nasa. Abin da ake bukata faranti ne, da ruwa, da madubi, da mutumin da zai yarda ya ɗaga murfi kowace safiya ko da jiya bai ga komai ba.